Ɗana ne mafi gajarta a ajinsu: gado ne, ko akwai abin da ya kamata in yi?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na ga gara in kawo shi nan ko a samu masu sani. Ɗana na fari ya cika shekara 13 wata biyu da suka wuce. Jiya ya kawo hoton ajinsu, sai na gan shi a layin gaba can gefe, kansa iya kafaɗar yaron da ke kusa da shi. Waɗanda suka shiga makaranta tare duk sun yi masa zarra. Yana ci, yana wasa, ba mai yawan ciwo ba ne. Amma da daddare ya zo ya zauna kusa da ni, ya yi shiru, can ya ce, "Mama, shi ke nan na gama girma?" Na rasa amsar da zan ba shi. Don Allah wanda ya san yadda girman jiki yake tafiya ya yi mini bayani.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Maman Sadik, ki kwantar da hankalinki. Tsawo gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki dubi mahaifinsa, ki dubi kanki, ki dubi kakanninsa, a nan amsar take. Shekara 22 ina koyarwa, ban taɓa ganin abin da ya mai da gajere dogo ba.

Nas Rabi:
Yaya, kafin a kai ga maganar gado, kina da awon tsawonsa na baya? Ko a katin asibiti, ko a takardar makaranta, ko zanen fensir a bango. Hoton aji ba ma'auni ba ne. A ɗan shekara 13, aji ɗaya sai ki samu wanda muryarsa ta yi kauri da wanda ko alamar balaga bai fara ba.

Dakta Zainab:
Nas Rabi ta yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Maman Sadik, awo ɗaya kaɗai ba ya faɗa mana abu mai yawa. Abin da muke nema shi ne saurin girma: santimita nawa yaro ya ƙara a shekara. Yaro gajere da yake ƙara santimita 5 ko 6 kowace shekara yawanci lafiyarsa ƙalau. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne yaro mai matsakaicin tsawo da ya yi shekara biyu bai ƙara abin kirki ba, don shi babu wanda zai lura da shi sai lokaci ya ja.

Girma ba tafiya ɗaya yake yi ba. Jariri yakan zo duniya da tsawon santimita 50 ko kusa da haka, ya ƙara wajen 25 a shekarar farko, wajen 12 a ta biyu. Yana kai shekara huɗu ya ninka tsawon haihuwarsa. Daga nan sai tafiyar ta lafa zuwa 5 ko 6 a shekara har zuwa balaga, inda jiki zai yi wani yunƙuri na ƙarshe. 'Ya mace takan yi nata yunƙurin wajen shekara 11 zuwa 12, ɗa namiji wajen 13 zuwa 14, kuma a shekarar da abin ya fi ƙarfi namiji yakan ƙara santimita 9 ko 10. Ana dab da wannan yunƙurin girma yakan ɗan ja da baya. To yaron da balagarsa ta makara yana zaune a wannan lafawar daidai lokacin da abokansa suke tashi sama, shi ya sa tazarar take bayyana sosai a wannan shekarun.

Yusuf Ɗalibi:
Dakta, abin da kika faɗa shi ne asalin wannan ilimin ma. Wani Bafaranshe, Montbeillard, ya riƙa auna tsawon ɗansa kusan duk wata shida daga haihuwarsa a 1759 har zuwa 1777, abokinsa Buffon, wani masanin halittu, ya buga awon. Har yau idan aka zana shi ana ganin saurin jarirantaka, da lafawar yarinta, da tashin balaga, kamar jiya aka yi awon. Uba ɗaya da ma'auni da haƙuri.

Amma Malam Habu, da girmamawa, ban yarda gado ne kawai ba. A binciken da aka fitar a 2016 kan tsawon mutanen duniya cikin shekara ɗari, matan Koriya ta Kudu da aka haifa a 1996 sun fi waɗanda aka haifa a 1896 da kusan santimita 20. Mazan Iran sun ƙaru da wajen 16. Mutanen Holan da yanzu mazansu suka fi na kowace ƙasa tsawo, sama da santimita 182, a tsakiyar ƙarni na 19 ba a lissafa su cikin dogayen Turai ba. Jinin nan dai shi ne, bai canza cikin ƙarni ɗaya ba. Me ya canza?

Malam Habu:
Yusuf, na ji. To amsa mini wannan. Gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, kwano ɗaya, ɗaki ɗaya, wa ya fito dogo ƙane ya fito gajere. Wane abinci ne ya raba su? Kuma na karanta cewa binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na bambancin tsawo daga gado yake. Ko ƙarya ne?

Dakta Zainab:
Ba ƙarya ba ne, Malam, kuma Yusuf ma bai yi kuskure ba. Tambaya biyu ce kuke amsawa, kowa da tasa.

Idan aka ɗauki yaran da duk suna samun abinci isasshe, ruwa mai tsabta da magani, aka tambaya me ya sa wannan ya fi wancan, to yawancin amsar gado ce. Kuma ba ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da tsawo ba. A 2022 an duba ƙwayoyin halittar mutum sama da miliyan 5, aka samu wurare fiye da 12,000 da kowanne yake ƙara ko rage ɗan mitsitsin abu. Kowane ɗa da irin rabon da ya ɗebo daga uwa da uba, shi ya sa wa da ƙane suke bambanta.

Amma idan aka tambaya me ya sa yaran wannan al'umma gaba ɗaya suka gaza na waccan, sai amsar ta koma kan halin rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan tsakanin 1997 da 2003. Ta bi yara kusan 8,500 a ƙasashe shida: Birazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An zaɓi yaran da ake shayar da su nonon uwa, iyayensu mata ba sa shan taba, kuma gidajensu ba sa cikin ƙuncin da zai tauye girma. Da aka zana tsawonsu daga haihuwa zuwa shekara biyar, layukan ƙasashen shida kusan a kan juna suka hau. Bambancin da ya zo daga ƙasa wajen kashi 3 cikin ɗari ne kawai. Daga wannan aikin aka fitar da ma'aunin 2006 da ake amfani da shi a katin awon yara a ƙasashe da yawa.

Wannan sakamakon yana taɓa ni duk lokacin da na tuna shi. Shekaru da yawa ana cewa wasu mutane "haka Allah ya halicce su ƙanana", alhali da yawa daga cikinsu yunwa da cuta ne suka danne su tun suna goye.

Yusuf Ɗalibi:
Misalin da ya fi tsaya mini shi ne na 'yan ƙabilar Maya. Wani mai bincike, Barry Bogin, ya auna yaransu da suka tashi a Gwatamala da waɗanda iyayensu suka yi hijira suka tashi a Amurka. Na Amurka sun fi da wajen santimita 11, kuma yawancin ƙarin a ƙafafu yake. Tun a 1829 ma wani likita a Faransa, Villermé, ya duba awon samarin da ake ɗauka soja ya ga na unguwannin masu hali sun fi na talakawa tsawo.

Malam Habu:
To na karɓi wannan rabe-raben. Amma a kan yaro ɗaya da uwarsa ta ce yana ci yana ƙoshi, har yanzu ina nan a kan bakana, a fara duba iyaye.

Dakta Zainab:
A nan muna tare, Malam. Shi ya sa zan nemi tsawon iyayen.

Kabiru:
Ni tambayata daban ce. Shekarata 21. Ina ganin tallar ƙwayoyi da garin ƙara tsawo a intanet, wasu kuma suna cewa a riƙa lilo a jikin ƙarfe kullum. Akwai gaskiya a ciki? Na kusa saye.

Dakta Zainab:
Kabiru, kar ka saya. Bari in faɗa maka inda tsawo yake fitowa. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi, kamar na cinya da na ƙwauri, akwai wani faifan guringuntsi. Ƙwayoyinsa suna hayayyafa, su jeru, su kumbura, sannan ƙashi ya maye gurbinsu, ta haka ƙashin yake miƙewa. Sinadarin girma yana fitowa daga wani ɗan ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa, ya sa hanta da shi kansa faifan su samar da wani sinadarin da yake tura aikin. Idan balaga ta kammala sai faifan ya rufe ya zama ƙashi zalla. Daga ranar babu ƙwaya, babu gari, babu lilon da zai buɗe shi. A shekara 21 kusan kowane namiji nasa ya rufe.

Wani abin mamaki: sinadarin da yake rufe faifan, har a jikin maza, shi ne istirojin, wanda aka fi sani da na mata. An tabbatar da haka a 1994 a kan wani mutum ɗan shekara 28 da jikinsa ba ya jin wannan sinadarin. Ya balaga kamar kowa, amma faifansa bai rufe ba, ya kai santimita 204 yana ci gaba da tsawo.

Lilo zai iya nuna maka ƙarin santimita ɗaya na ɗan lokaci, amma wannan ko barci yana yi. Kowa ya fi tsawo da safe da santimita 1 zuwa 2, saboda faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa da tsayuwar yini.

Kabiru:
To allurar sinadarin girma fa? Ita ma ƙarya ce?

Dakta Zainab:
Ita gaskiya ce, amma magani ce ta masu cuta takamaimai, kamar yaron da jikinsa ba ya samar da sinadarin, ko yarinya mai lalurar Turner (wata lalurar ƙwayoyin halitta da ake haihuwar 'ya mace da ita), kuma sai faifan yana buɗe. Da can daga gawa ake ciro shi, har aka dakatar a 1985 bayan an gano ya sa wa wasu wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa. A shekarar ne aka fara amfani da wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji. Likitan da ya ƙware a wannan fannin ne kaɗai yake bayar da shi bayan gwaje-gwaje, ba abin saye a waya ba ne.

Hajiya Binta:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Ni 'ya'ya bakwai na raina. Abin da na gani da idona, yaro sai ya yi wata biyu kamar an dasa shi, sai kuma rana ɗaya ki sa masa riga ki ga hannun ya ɗage. Kuma duk wanda ya yi doguwar jinya, idan ya warke sai ya riƙa ci kamar ba gobe, ya tashi ya kamo 'yan uwansa. Dakta, idona ne ko haka abin yake?

Dakta Zainab:
Hajiya, idonki ya ga daidai. A 1992 wata mai bincike, Michelle Lampl, da abokan aikinta suka fitar da awon jarirai da suka riƙa yi, wasu kowane mako wasu kowace rana. Suka ga jariri yakan yi kwanaki bai motsa ba, sai cikin yini ɗaya ya ƙara rabin santimita ko fiye. Masana sun yi ta gardama kan yadda aka yi awon, amma iyaye mata sun daɗe suna faɗin haka. Na biyun kuma, kamowa bayan jinya, sananne ne sosai: idan aka cire abin da ya danne yaro, jikinsa yakan yi gudu fiye da na tsaransa har ya koma layinsa. Sharaɗin shi ne dannewar kar ta yi tsawo, kuma kar ta zo da wuri sosai.

Anti Hauwa:
Dakta, wannan "da wuri sosai" ɗin ya tsorata ni. 'Yata watanta 16. A awon ƙarshe an ce nauyinta daidai ne amma tsawonta ya sauka ƙasa da layin da take bi. Ni ban ɗauke shi komai ba tunda ba ta rame ba.

Dakta Zainab:
Anti Hauwa, na gode da kika yi magana, don taki ta fi gaggawa a duk tambayoyin yau. Rama da tsumburewa abu biyu ne. Rama tana zuwa da sauri, ido yana ganinta, kowa zai ce a kai yaro asibiti. Tsumburewa a hankali take shiga. Yaron yana nan da kumatunsa, yana dariya, jikinsa daidai da tsawonsa, sai dai idan aka faɗi shekarunsa a ga ya yi ƙanƙanta. Yawancinta tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu. Abin da ke kawo ta: uwa ba ta samu isasshen abinci ba lokacin ciki, abincin da ake ƙara wa yaro bayan wata shida yana cika ciki amma ba ya gina jiki, sai kuma gudawa da zazzaɓi da suke dawowa a kai a kai. Kowace gudawa tana cin wani abu daga girman yaro, hanjinsa kuma yana raguwa wajen tsotse abin da ya ci.

A ƙididdigar 2022, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan miliyan 148 ne suka tsumbure a duniya, sama da ɗaya cikin biyar. Kuma damuwar ba santimitar kanta ba ce. A wannan kwanakin ne ƙwaƙwalwa take gina kanta, abin da ya hana ƙashi shi yake hana ta. A Gwatamala, tsakanin 1969 da 1977, an ba yaran wasu ƙauyuka ƙarin abinci mai gina jiki, aka bi su har suka girma. Mazan da suka samu kafin shekara uku sun fi sauran samun kuɗin aiki da suka zama manya.

Watanni takwas suka rage wa 'yarki a wannan lokacin, kuma suna da yawa. Ki koma da katin a wannan makon, ki ce a sake auna ta, a duba jininta, a zauna da ke a kan abin da take ci da sau nawa take ci a yini.

Nas Rabi:
Kuma Anti, ki tabbatar a kwance aka auna ta. Ɗan ƙasa da shekara biyu a kan allon awo ake kwantar da shi, mutum ɗaya ya riƙe kai ya manna da katakon sama, ɗaya ya miƙe gwiwoyi ya turo katakon ƙafa. Yaro yana kuka yana lanƙwashe ƙafa, awo yakan kauce da santimita biyu, a ɗaga wa uwa hankali a banza ko a kwantar mata da shi a banza.

Anti Hauwa:
Mutum ɗaya ne ya auna ta ranar, tana ta mutsu-mutsu. Zan koma jibi insha Allah.

Hajiya Binta:
Allah ya raya ta. Ku kuma riƙa barin yara su ci cikin kwanciyar hankali. Yaron da ake yi wa tsawa a kan kwano ba ya cin na kirki.

Yusuf Ɗalibi:
Hajiya, wannan ma an rubuta shi. A 1948 wata mai bincike, Elsie Widdowson, ta bi yaran gidajen marayu biyu a Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Aka ƙara wa gida ɗaya abinci, sai aka yi dace a lokacin aka mayar da wata mai kula da yara mai tsananin faɗa zuwa gidan, tana yi musu tsawa lokacin cin abinci. Yaran da aka ƙara wa abincin ba su kai na ɗaya gidan da ta bari ƙara nauyi ba.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tashi na bincika akwati. Na samu takardar gwajin lafiya ta makaranta ta bara, wata goma sha biyu daidai, an rubuta santimita 138. Yanzu na tsayar da shi a bango ba takalmi, dugadugai da baya manne, na ɗora littafi a kansa na ja layi: 143. Mahaifinsa 174 ne, ni 158. Muryarsa ba ta canza ba. Amma takalmin da na saya masa wata biyar da suka wuce ya matse shi.

Dakta Zainab:
Yanzu muna da abin riƙewa. Santimita 5 a shekara, wato yana tafiya daidai da yaron da bai shiga yunƙurin balaga ba. Bai tsaya ba.

Ga lissafin iyaye. Ga ɗa namiji, a haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara 13, a raba biyu. Ga mace a cire 13. Naku: 174 da 158 da 13 sun ba da 345, rabinsa 172.5. Ana sa ran zai tsaya kusa da nan, da ratar santimita 8 ko 9 sama ko ƙasa, don kintace ne. Takalmin kuma alama ce mai daɗi, hannu da ƙafa sukan riga sauran jiki tashi.

Duk da haka 143 a shekara 13 yana kusa da layin ƙasa na ma'auni, kuma ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba. Ki kai shi wurin likitan yara da waɗannan lambobin. Zai duba ko balaga ta fara, don alamarta ta farko a namiji girman 'ya'yan maraina ne, murya daga baya take zuwa. Zai iya neman gwajin jini don ƙarancin jini, sikila, maƙoƙo ko ciwon hanji, sannan hoton ƙashin hannun hagu. Wannan hoton yana nuna shekarun ƙashi. Idan ɗan shekara 13 ƙashinsa ya nuna 11, to yana da shekara biyu na girma a ajiye fiye da abokansa. Namijin da ya kai 14 babu alamar balaga ko kaɗan, wannan dole a bincika. Ki kuma kula da barcinsa, sinadarin girma ya fi zuba a farkon barci mai nauyi. Tambaya ta ƙarshe: mahaifinsa yaushe ya yi tsawo?

Maman Sadik:
Na kira shi yanzu na tambaye shi. Ya ce shi ne ƙarami a ajinsu har ya kai 15, sai a hutu ɗaya duk wandunansa suka ɗage, ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 19. Ya ce bai taɓa faɗa wa Sadik ba.

Malam Habu:
Kin gani, makarar ma a gida ya same ta. Ki ce mahaifin ya zaunar da shi ya ba shi wannan labarin da bakinsa, zai fi jin sa daga wurinsa.

Dakta Zainab:
Haka ne, jinkirin balaga yakan bi gida. Amma a je a duba ɗin dai.

Maman Sadik:
Za mu je ranar Litinin. Na rubuta kwanan wata a gefen layin da na ja a bango, na ce masa bayan wata shida za mu sake, da safe, a wuri ɗaya. Shi da kansa ya ɗauko biro ya ƙara wa layin kauri don kar ya goge.